Makulli Na Uku

Alhaji bai taɓa barin makullin Marsandinsa ya kwana a hannun wani ba. Sauran motocin gidan, makullansu na rataye a ƙusa a ɗakin maigadi, duk wanda aka aika ya ɗauka. Ita kuwa baƙar, ko ƙarfe nawa muka dawo, in na kashe ta na zagayo na buɗe masa ƙofa, kafin ya sauke ƙafa zai miƙo tafin hannu ba tare da ya dube ni ba. In ɗora masa, ya zura a aljihu, sannan ya ce, "To Malam, sai da safe." 'Ya'yansa maza, manya masu iyali, ba wanda ya isa ya nemi aronta.

S350 ce, ƙirar da makanikai ke kira W221, wadda kamfanin Mercedes ya yi ta ƙerawa daga 2005 zuwa 2013. Ta Kwatano ta shigo, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, kuma kamar yawancin motocin hannu, da makulli ɗaya ta iso Kano. Na tuna dillalin yana cewa ɗayan na nan tafe. Bai zo ba, ba kuma wanda ya sake tambaya. Ni kaina ban ga abin damuwa ba. A Fijo 504 na koyi tuƙi, wadda makullinta ya side har ana iya zare shi inji na aiki. In ya ɓata ka je Sabon Gari, mai yankan makulli ya goga maka wani kafin ka gama cinikin goro. A wurina makulli ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya gagarar maƙeri.

Na Marsandin ba shi da haƙora ko ɗaya. Baƙar roba ce da farin ƙarfe a gefe, maɓallai uku, da ɗan gilashi mai duhu a goshi. Wata rana batirin cikinsa ya mutu muna bakin masallaci, ya ƙi buɗe ƙofa daga nesa, hankalin Alhaji ya tashi. Amma da muka shiga na zura shi, mota ta tashi lafiya lau. Na yi hamdala, ban tambayi dalili ba.

Wanda ya zauna a Kano a watan Afrilun 2020 ba sai na ba shi labari ba. Ranar 16 ga wata gwamnatin jiha ta kulle gari, ranar 24 aka ɗauki azumi, ranar 27 Shugaba Buhari ya yi jawabi ya ƙara kulle mu na mako biyu. A tsakanin nan dattawa suka riƙa tafiya, malamai da attajirai da tsofaffin ma'aikata, ka buɗe rediyo da safe ka ji sanarwa na bin sanarwa. Masu haƙar kabari a maƙabartar Dandolo suka ce ba su taɓa ganin irin wannan ba. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma rabi ko fiye na da alaƙa da korona. Mu a lokacin ba mu san lissafi ba. Zafi muka sani, da ƙishirwa, da tsoron tarin wanda ke kusa da kai.

Tun da aka kulle gari nake kwana a ɗakin baya na gidan. Alhaji ya fara da zazzaɓi a makon farko na azumi, ya ce masassarar bazara ce, ya ƙi ajiye azuminsa. Wani dare, an daɗe da idar da asham, autansa ya buga mini ƙofa: "Baba direba, fito, numfashin Alhaji."

Ban taɓa ganin Kano haka ba. Titin Murtala Muhammad, da ko ƙarfe ɗayan dare ba ka rasa mai shayi da 'yan adaidaita, fayau, sai karnuka da fitilun jami'an tsaro a shingaye. Su haska cikin motar, su ga dattijo a kishingiɗe yana kokawa da numfashi, su ja da baya da sauri su ɗaga mana hannu. Mun je asibiti, maigadi ya leƙo ta ramin ƙofa da takunkumi a fuska ya ce ba likita. Mun je wani, aka ce ba gado. Wani kuma ko ƙofar ba a buɗe ba. Zuciyata tafasa take a lokacin. Yanzu na san tsoro suke ji, irin wanda nake ji ina riƙe da sitiyari, ina ƙoƙarin shaƙar iska kaɗan-kaɗan don kada in shaƙi abin da yake fitarwa, ina kuma jin kunyar kaina a kan hakan.

Motar nan an yi ta ne don kada mai ita ya ji hayaniyar duniya. In an ɗaga gilashi, ko hon ɗin tirela can nesa kake jin sa. To a daren nan ba abin da ya rage a cikinta sai numfashin Alhaji, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙugi, da ƙamshin turarensa da ya kama fatar kujeru. Na yi ta cewa a raina ina ma tsohuwar Fijo ce mai kwaramniya.

Dab da sahur ya ce a mai da shi gida. Na kashe mota a rumfarta, autan ya ruga ciki kiran masu kama shi. Na zagayo na buɗe ƙofa ina tunanin ta inda zan tallabe shi, sai na ga tafin hannunsa a buɗe a kan gwiwa, yana rawa. Wallahi na ɗauka addu'a yake. Sai da ya motsa yatsu sannan na gane. Na ɗora masa makullin. Ya daɗe yana laluben aljihun farar jallabiyarsa kafin ya same shi. Bai ce sai da safe ba.

Da hantsi ya cika. Allah ya jiƙansa. Mutumin da ake toshe titi in zai aurar da 'ya, aka sallace shi da mutane 'yan ƙalilan, kowa ya ba ɗan'uwansa tazara. Aka ce in tafi gida in killace kaina. Na tafi, na shige ɗaki, matata na ajiye mini abin shan ruwa a bakin ƙofa, ina ƙirga numfashina ina jiran ya fara.

Bai fara ba. Bayan ƙaramar Sallah, wadda ta faɗo 24 ga Mayu, Baffa ya aiko a kira ni. Ƙanin marigayi ne, tsohon ma'aikacin gwamnati, shi aka ɗora wa tattara dukiya kafin malamai su zauna rabon gado. Na same su a falon baƙi, shi da 'ya'yan maza, kowa da takunkumi, idanu kawai ake gani. Muka yi wa juna gaisuwa. Sannan ya ce, "Malam, makullin baƙar mota fa?"

"Ranka ya daɗe, yana wurin Alhaji. A hannunsa na sa."

"Yaushe?"

"A daren, da muka dawo."

Wani cikin 'ya'yan ya yi 'yar dariya ta hanci. "Mutumin da ba ya iya ɗaga kai, shi ne ya karɓi makulli?"

Autan ya ce shi dai bai gani ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Na ce a duba aljihun farar jallabiya. Aka aika cikin gida. Hajiya Babba, tana takaba, ta aiko cewa duk kayan da ya yi jinya da su an ba mai wanki ya ƙone a bayan gida tun ranar. Aka je aka tona tokar. Roba za ta narke, amma akwai siririn ƙarfe a ɓoye cikin makullin, na buɗe ƙofa in batir ya mutu, shi ba zai ƙone ba. Ba a ga komai ba. Sai wani ya je ya ja hannun ƙofar motar, ya ji ta a kulle. "To wa ya kulle ta?" Nan ne gwiwoyina suka yi sanyi, don na san a buɗe na bar ta. Da me zan kulle, makulli na aljihun mutumin da muka ɗauka ranga-ranga? Na faɗi haka. Ba wanda ya tanka.

Ba wanda ya ce mini ɓarawo. Da sun faɗa da ya fi mini sauƙi, sai in dafa Alƙur'ani a wuce wurin. Abin da aka yi shi ne aka gindaya wa Marsandin tsohuwar motar ɗaukar kaya ta gidan, aka sauya kwaɗon babbar ƙofa, aka ce wa maigadi in na zo ya riƙa raka ni. Maigadin da muke cin tuwo kwano ɗaya. Jikokin da ke rugowa suna "Baba direba" aka daina barin su fito. Ni kuma na rasa yadda zan yi da fuskata. In na nuna damuwa, a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. In na dake, a ce dubi taurin rai. Da dare in kwanta in yi ta maimaita daren nan har na fara shakkar kaina: anya na ba shi? Na zazzage aljihun rigunana kaf, na sa matata ta ɗaga katifa. Ta ɗaga, ba ta ce komai ba, shirun nata ma ya yi mini ciwo.

Ita kuwa motar tana nan tana lalacewa a tsaye. A kan jakunkunan iska take zaune, ba ƙarfe ba, da iskar ta sace sai ta durƙusa har goshinta ya kusa taɓa ƙasa. Ƙura ta rufe ta, batir ya mutu. Ko turawa ba ta yiwuwa, don giyarta ɗan sanda ne a jikin sitiyari, na lantarki, in ba makulli ba ta fita daga P, birkin hannun ma na lantarki ne.

Ni na fi kowa matsuwa a tada ta, don a ganina ranar da ta tashi magana ta ƙare. Da aka sassauta kulle na je kasuwar Ƙofar Ruwa na ɗauko wani rewaya da na sani tun zamanin Fijo. A hanya nake ce masa ai abin ba wuya, a fasa gidan makulli a haɗa waya biyu. Ya dube ni ya ce, "Yaya, kai a wace shekara kake?" Shi ya fara fahimtar da ni cewa gidan makullin kansa kwamfuta ce. Ita da ƙwaƙwalwar inji, da ta giyabos, da na'urar da ke sauya giya, duk sun san juna tun daga masana'anta, in ɗaya bai ji daga ɗaya ba ko ɗigon mai ba zai sauka ba. Dabararsa ita ce a sayo su gaba ɗaya daga motar hatsari, tare da makullinta, a dasa. Baffa ya saurare shi tsaf, ya ce, "Wa zai tabbatar mini ta hatsari ce ba ta sata ba?" Rewaya ya sosa ƙeya. Aka sallame shi da kuɗin mota.

A ranar ne ɗaya daga cikin 'ya'yan ya kawo shawara. A yi wa motar kuɗi a yadda take, a durƙushe, ba makulli, a sa a rabonsa, shi zai ji da wahalarta. Wasu suka ce ya kyauta, ya ɗauke wa gida nauyi. Ni ma haka na gani, har na ji ina gode masa a zuci.

Baffa ya ce a dakata, ya buga wa dilan kamfanin waya. Suka ce ana yi. Sai dai a kawo lambar casis, haruffa da lambobin nan 17, da takardun mallaka, da katin shaidar mai motar, shi da kansa ko wanda kotu ta ba takarda a madadinsa, sannan a yi odar makullin da aka yi wa wannan motar ita kaɗai. Mai mota na kabari. Takardar kwastan da sunan ejan ɗin da ya fito da ita. Filayen jirgin sama a rufe ga jiragen waje tun 23 ga Maris, dala kuma ta kai wajen naira 450 a kasuwar canji ta Wapa. Na ji haushinsu ranar, na ce mutane na cikin makoki su suna maganar takarda. Yau da nake cin abinci a dillancin motoci, in na ji an ce ana ba da makulli ba tare da waɗannan tambayoyin ba, tsoro zan ji. Jamusawa ma ba don nishaɗi suka ɗora wa kansu wannan ba. Bayan faɗuwar katangar Berlin a 1989 satar motoci ta yi ƙamari, ana kwashe su zuwa gabashin Turai, kamfanonin inshora suka matsa lamba, har daga 1998 doka ta ce duk sabuwar mota a Jamus sai da na'urar da ke hana inji tashi in ba da makullinsa ba. Mercedes kuwa tun wajen 1997 ta fara barin makulli mai haƙora.

Ranar 1 ga Yuli aka buɗe zirga-zirga tsakanin jihohi. A makon ne wani surukin gidan ya turo mai gyara daga Apo, unguwar makanikai ta Abuja. Na yi tsammanin dattijo da akwatin sifana. Sai ga saurayi siriri, ɗan Kaduna, da jakar goyo da wata 'yar akwati, hannunsa tas ba ɗigon baƙin mai. A raina na ce an yi asarar kuɗin mota.

Bai taɓa motar ba sai da ya ga takardu, ya gwada lambar casis da ta jikin gilashi, ya ɗauki hoton katin Baffa, ya sa shi ya rattaba hannu. Wani ya ce wannan wane irin iyayi ne, a cikin gidanmu? Yaron ya ce, "Yallaɓai, kayan da ke jakar nan, irinsu ne a jakar ɓarawo. Takardar nan ce ta raba ni da shi."

Ya durƙusa a ƙofar direba da wani siririn ƙarfe mai ma'auni a jiki, yana taɓa cikin ramin a hankali. Kafin a kawo masa ruwa ƙofa ta buɗe. Warin fata mai zafi da sauran turaren Alhaji suka bugo ni, sai da na juya baya. Da aka jona batir jiniyarta ta ɗauka, a gidan da tun rasuwa ba a ɗaga murya ba, har matan suka leƙo ta taga. Ya kwance gefen dashbod ya zaro gidan makullin, bai fi dunƙulen hannu ba, ya shimfiɗa shi a tebur a baranda, ya jona masa wayoyi da kwamfuta. Ni aka sa in riƙe masa fitila.

Yana aiki yana yi mini bayani, wataƙila don ni kaɗai ke kallon hannunsa, sauran fuskata suke kallo. Ya ɗauko sabon makulli wanda ba a rubuta komai a cikinsa ba. "Baba, ka ga ɗan gilashin nan? Ta nan suke magana da mota, da hasken da ido ba ya gani. Batirin ciki na buɗe ƙofa ne daga nesa. In ka zura shi, motar ce ke ba shi wuta." Sai na tuna bakin masallaci. Ya ce abin kamar ka ƙwanƙwasa ƙofar gidanku ne da tsakar dare a tambaye ka kalmar da kuka shirya, kuma kalmar jiya ba ta buɗe ƙofa yau. Shi ya sa ba a kwafarsa. In akwai makulli ɗaya mai aiki, ƙara na biyu aikin ɗan lokaci ne, don shi zai taimaka a samo kalmar sirrin motar. In duk sun ɓata, sai an yi ta yi wa gidan makullin tambayoyi ana tara amsoshinsa, a tura ta intanet wa wata babbar kwamfuta a ƙasar Sin ta yi lissafi, kuma kowane lissafi da kuɗinsa.

Yana cikin magana sai ya yi shiru, ya matsa kusa da allon. Gidan makullin irin wannan mota gurbi takwas gare shi, na makullai takwas. Biyu ake ba mai saye, sauran su zauna jiran ranar ɓata. Ya juya kwamfutar wajen Baffa.

"Alhaji, makulli nawa kuka ce motar nan take da shi?"

"Ɗaya."

"Uku ta sani. Na ɗaya da na biyu na kamfani ne, na uku alama daga baya aka ƙara shi. Kuma ga shi ta rubuta: wanda aka tada ta da shi na ƙarshe, na uku ne. Kafin shi, na ɗaya."

Fitilar ta fara rawa a hannuna. Wato bayan na kashe ta a daren nan, wani ya tada ta, ya kuma kulle ta, da makullin da gidan bai san da shi ba. Na ɗauka shi ke nan, Allah ya wanke ni. Ban gama tunanin ba wani ya ce, "To ai direba ne ya fi kowa damar yin na uku." Yaron ya ɗaga kafaɗa. "Ni lamba nake gani. Ba ta rubuta rana, ba ta rubuta wanda ya riƙe."

Baffa ya kira maigadi. "Tun rasuwar, wannan bawan Allah ya taɓa shigowa gidan nan da dare?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa jin an tada motar?"

Maigadi ya dubi ƙasa, ya ce shi barcinsa nauyi gare shi. Na san barcinsa, kyanwa ba ta wucewa bai farka ba. Na kuma san yana da 'ya'ya a ƙauye da ke jiran albashin nan. Baffa ya dube shi ya daɗe, bai matsa ba. A lokacin ne na tuna wata Asabar da aka ce in huta, za a kai motar sabis ba da ni ba, aka dawo da ita kafin magariba. Na haɗiye abina. Har yau ba zan kama sunan kowa ba, don ban gani da idona ba, kuma na ɗanɗana yadda zato yake.

Daga nan sai jira, kuma ba wanda ya iya tashi, kowa na gudun a ce don me ya tashi. Ana tsakiyar tara bayanan Nepa suka ɗauke wuta, aka tada janareta aka soma daga farko. Da aka gama, sabis ɗin waya ya ƙi, yaron ya hau kan katanga yana ɗaga waya sama, hadari na haɗowa a gabas. Bayan magariba lissafi ya dawo. Ya rubuta a cikin sabon makullin, ya mayar da gidan makullin mazauninsa, ya zura. Ya ɗan yi jim, sannan ya juya. Dashbod ya haskaka, inji ya kama, motar ta fara ɗagowa daga ƙasa a hankali. Sai rediyo ta ɓarke da kiɗan samari, da ƙarfi har gilashi na girgiza. Alhaji labarai da karatun Alƙur'ani kawai yake ji, kuma a daren da muka yi yawon asibiti a kashe take. Baffa ya miƙa hannu da kansa ya kashe.

Ya sa aka yi makulli na biyu nan take. Sannan ya ce, "Waɗancan ukun fa?"

"Ana iya toshe su, Alhaji. Duk wanda ke riƙe da su, roba yake riƙe da ita."

"Toshe su duka."

A daren ya sa na tuƙa ta zuwa gidansa. Maganar a sa ta a rabon wani ba ta sake tasowa ba.

Bayan babbar Sallah, wadda aka yi ranar 31 ga Yuli, wani dare bayan isha'i aka yi sallama da ni. Mai wankin gidan ne, tsoho, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ya tsuguna a gabana. Ya kwance hankici, ga makullin Alhaji. Zannuwa da matasai ya ƙone, in ji shi, amma jallabiyar sabuwa ce, hannunsa ya ƙi jefa ta a wuta. Ya ƙulle ta a leda ya aika ƙauye, ya ce cutar ta mutu a ciki tukuna. Ranar da ake tona toka yana tsaye a wurin, tsoro ya hana shi magana. Sai da ya ɗauko ta zai sa ya je Idi ya ji abu a aljihu.

Na so in shaƙe shi, ba zan ɓoye maka ba. Wata biyu da wani abu ana raka ni a gidan da na yi wa bauta, shi yana guga yana ji. Amma yana ta cewa, "Malam, ka rufa mini asiri, ka karɓa ka ce tsinta ka yi," sai na ga ramin da ke gabana. In na shiga da makullin nan ni kaɗai, na tabbatar musu da duk abin da suka zata. In na jefa shi a rijiya, na zauna da zargin har in mutu. Na ce, "Baba, ba ni da ikon rufa maka. Tashi mu je tare, ni zan roƙa maka."

Da safe muka je. Baffa ya ji labarin, ya karɓi makullin ya juya shi a hannu, ya fita wajen motar muna biye. Ya zura, makulli ya ƙi juyawa. Ya danna maɓalli, shiru. Ya zaro siririn ƙarfen ya sa a ƙofa, shi kam ya buɗe. Ya ce wa tsohon ya je ya riƙe rigar, Allah ya kai ladan kabarin mai ita. Sannan ya juyo gare ni. "Malam, ka yi haƙuri. Allah ya wanke ka." A zauren gidansa ya faɗa, mu uku. Zargin kuwa a falo aka yi shi, gaban kowa. Na yi ta jiran a sake tara mutanen nan a faɗa musu, har aka raba gado, aka sayar da motar, aka ba ni sallamata a ambulan. Makulli na uku bai fito ba.

Wanda ya saye ta shi ya fara jawo ni harkar dillanci, kuma kusan duk babbar motar hannu da ta ratsa ta gabana, da makulli ɗaya take zuwa, da alkawarin ɗayan na tafe. Ɗan'uwa, in ka sayi irin wannan, tun wanda ke hannunka na aiki ka je a yi maka na biyu, ka sa a karanta maka gurabun, a toshe duk wanda ba ka riƙe da shi. Marsandin da aka ƙera daga wajen 2015 zuwa sama tsarinsu ya sauya, makullinsu sai ta hannun kamfani, don haka ka mayar da takardun da sunanka tun kana da lafiya, kuma wani a gidanka ya san inda ka ajiye su.